Daga Wuri Zuwa Koyin: Yadda Kuɗi Ya Shigo Filin Ƙwallon Yaran Damagaram



Makon jiya, cikin shirinmu na dare, wani dattijo tela ya kira mu daga nan cikin gari. Ba mu faɗi sunansa a rediyo ba, nan ma ba za mu faɗa ba. Ya ce ya aiki ɗansa mai shekara 15 da jika shida ya kai wa mai sayar masa da zare, yaron ya dawo ya ce kuɗi sun faɗi. Bayan kwana uku ƙanensa ya tona asiri: kuɗi ba su faɗi ba, koyin aka saya. Dattijon ya ce: "Malam, don Allah mene ne koyin? Na ce ya nuna mini abin da ya sayo, sai ya nuna mini hoton wani Bature cikin salula. Na ce to ina kayan? Ya ce ai shi ne kayan."

Mun yi dariya, masu kira ma sun yi. Amma da muka koma gida dariyar ta ƙare, domin tambayar dattijon ba ta wasa ba ce. Koyin kuɗi ne na cikin wasan ƙwallo na salula ko na PlayStation. Da sefa ake sayen sa, amma ba ya sayen ko ƙosai, sai ƴan wasan da ke cikin wasan. To mu ƴan Damagaram mun daɗe da sanin kuɗin da ake kawo mana daga nesa, wanda wani can ke yanke darajarsa ba tare da ya shawarce mu ba. Shi ya sa muka ga ya kamata mu ɗauko zancen daga tushe.

Kalmar "kuɗi" kanta jam'in "wuri" ce. Zamanin Sarki Tanimu, wanda ya gina ganuwar Birni, ya ƙera igwa a nan garin, ya rasu a 1884, da wuri ake ciniki a kasuwannin ƙasar nan. Shi kuwa wuri ba a Mirya ake haƙo shi ba, ba a tafkin Gidimuni ake kamo shi ba. Ƙoƙon wata ƴar halittar teku ce, mafi yawansa daga tsibiran Maldib, can cikin tekun Indiya. Jirage su kai shi Turai, su sauko da shi bakin tekun Afirka ta Yamma, fatake su hauro da shi bisa jakai har ya iso mu. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya sauka Damagaram a ƙarshen 1852, ya rubuta cewa a Kano a 1851 wuri 2,500 ake canza wa da dalar azurfa guda. A Tasawa kuma ya ga mutum biyar ko shida sun duƙufa suna ƙidayar wuri 500,000, biyar-biyar da yatsa. Wuri 20,000 shi ne keso guda. Ku dubi wahala: attajiri sai ya ɗauki ma'aikata don su ƙidaya masa kuɗinsa kawai.

Daga wajajen 1845, ƴan kasuwar Jamus suka gano wani irin wuri mai araha a gaɓar Zanzibar, suka riƙa jibgo shi jirgi-jirgi. Wuri ya yi yawa, darajarsa ta riƙa zubewa, har aka kai lokacin da kuɗin ɗaukar sa zuwa nesa ke cinye rabo mai yawa daga cikinsa. Mai tara keso a ɗaka bai yi laifin komai ba, bai yi almubazzaranci ba, amma dukiyarsa na narkewa don wasu can sun buɗe bakin buhu. Sannan Faransawa suka ci Damagaram a Yulin 1899, bayan yaƙin Tirmini, daga baya suka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. Sannu a hankali suka ce haraji da kuɗinsu za a biya. Ingilishi su ma, a 1904, suka hana shigo da wuri Najeriya. Wuri bai mutu rana ɗaya ba, ya daɗe a hannun mata masu sayar da daddawa da gishiri, amma daga ƙarshe wanda ya ajiye shi ya wayi gari da tarin ƙoƙon teku.

Abin da ya gaje shi har yanzu yana bakinmu. Dala da muke cewa, sunan waccan tsohuwar azurfar ne ya koma kan tamma biyar ta Faransa, kuma har gobe da ita muke lissafi: dala ashirin, dala ɗari, jika. An kafa sefa ranar 26 ga Disamba 1945. A Janairun 1994, muna ƙanana, aka karya darajarta da rabi a wani taro a Dakar, iyayenmu suka kwana da kuɗinsu suka tashi da rabinsa a kan duk kayan da ake shigowa da su. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu bari mu koma wajen wasa. Kakanninmu sun raba wasa da caca, rabuwa ta sarai. Dara wasa ce: gurbi talatin a ƙasa, kowa da ƴaƴa goma sha biyu, wannan da tsinke wancan da tsakuwa. Attajirin Zango in ya zauna da ɗan dako, sha biyu gare shi, sha biyu gare shi. Ba a sayen na sha uku. Kokawa ma haka. Tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya ɗauka, masu kuɗi na yi wa ƴan kokawa kari, ana ba su riguna da babura, ana ɗaura layu har ba a ganin ƙugu. Amma in aka shiga fili, irin namu na Langa-Langa, gwiwa ce ke taɓa ƙasa ko ba ta taɓa ba. Caca kuwa daban take, kuma da wuri ake yin ta: a goge bayansa, a watsa, a ga nawa suka kwanta nawa suka kife. Kowa ya san ɗan caca, kowa ya san inda suke ɓuya, ba wanda ke kiran abin da suke yi motsa jiki.

Kuɗin wasa na farko da mu ƴan zamaninmu muka sani shi ne na bebi-fut, teburin nan mai ƴan katako jere a jikin sanda. Ka ba mai tebur dala biyar, ya saki ƙwallaye, in sun ƙare wasa ya ƙare. Kuɗin na sayen lokaci ne, ba ya ƙara wa ɗan katakonka tsawon ƙafa.

Sai PlayStation ta zo. Sony ta fitar da ta farko a Japan a 1994, ta biyu a 2000, amma mu sai da ta tsufa a wasu wurare ta iso mu, mafi yawa ta hanyar Kano, tare da sede-seden da ba sai mun faɗi inda aka buga su ba. Wanda bai yi zamanin nan ba, bari mu zana masa. Shago ne ƙarami, ko zauren gidan wani, a Sabon Gari ko Zango ko Garin Malam. Tele biyu ko uku bisa tebur, benci, labule a ƙofa don rana kar ta kashe hoto, zafi kamar gidan burodi. In kuran ya ɗauke sai a yi salati gaba ɗaya, mai gida ya fita ya ja igiyar gurup. Daga lakwal muke zarcewa can da kayé a hannu, wasunmu ma, Allah ya yafe mana, ba su kai lakwal ɗin ba. Mun san ɗan Lise Amadu Kuran Daga da mushe ya je har gidan wasa ya kamo shi da kunne, manet na hannunsa.

A unguwarmu dala goma ne wasa guda, kuma doka ɗaya ce: wanda aka ci shi ke biya, mai ci ya zauna. Saboda haka gwani na iya shiga da dala goma ya wuni, ɗan mai kuɗi kuma ya zo da jika ya fita aljihu wayam, yara na yi masa waƙa. Wasan da muka fi bugawa PES ne na kamfanin Konami na Japan, musamman PES 6 da ya fito a 2006. Ba su da izinin sunayen ƙungiyoyi da yawa, a wasu fitowar sai ka ga Manchester an rubuta Man Red, Arsenal an rubuta North London, a tsofaffin fitowa ma Roberto Carlos sunansa Roberto Larcos. Ko a jikinmu. Adriano na Inter yana da ƙarfin harbi 99, in ya saki ƙafar hagu daga tsakiyar fili sai mai tsaron gida ya yi ta kansa. To me muka yi? Muka kafa doka da kanmu: ba a ɗaukar Inter sai in abokin karawa ya yarda. Ku lura da wannan. In abu ya fi ƙarfin adalci, mu da ke zaune bisa benci mu ke gyara shi, ba sai mun rubuta wa Japan wasiƙa ba.

Akwai kuma wani sashe, Master League, inda ake ba ka ƴan wasan ƙarya marasa ƙarfi, su Castolo, Minanda, Espimas, da mai tsaron gida Ivarov, ka fara daga ƙasa. A can ma akwai kuɗin cikin wasa, maki ne da kake tarawa in ka ci, da su kake sayen manyan ƴan wasa. Amma ba ƙofar da za ka zuba sefa ta koma maki. Sai ka buga. Mu huɗu muka haɗa kuɗi muka sayi kart memwar guda, muka raini ƙungiya ɗaya wata da watanni, muka ƙirƙiri ƴan Mena da hannunmu tun da ba su cikin sede. Ranar da muka samu makin sayen babban ɗan gaba na farko, shayi muka dafa har uku. A ranar da Mena ta gaske ta samu zuwa gasar cin kofin Afirka ta 2012, wani cikinmu cewa ya yi ai mu mun riga mun kai ta tun tuni.

Ba muna cewa zamanin ya fi kowane zamani ba. An saci kuɗin cefane a lokacin ma, an yi faɗa, an faɗi jarrabawa. Abin da muke nunawa ɗaya ne: kuɗi a bakin ƙofa yake tsayawa. In ka wuce labule, Barcelona ɗinka da Barcelona ɗin ɗan Alhaji duk ɗaya ce.

Canjin ya faro daga nesa, kamar na wuri. A Maris 2009, kamfanin EA na Amurka, mai wasan FIFA tun 1993, ya ƙara wani sashe mai suna Ultimate Team. A nan ba ƙungiya kake ɗauka ba, kai ke haɗa taka da katunan ƴan wasa, katunan kuma cikin ƙunshi suke zuwa a rufe, abin da yara ke kira pake. Kana biya kafin ka san abin da ke ciki. Da farko sashen sayen sa ake yi, daga baya suka bar shi kyauta, don sun gane ba a ƙofa ribar take ba. Konami ta bi sawu a 2014 da nata mai suna myClub. A ƙarshen Satumba 2021 ta ajiye sunan PES gaba ɗaya, ta fito da eFootball, kyauta ga kowa, na salula kuma ya biyo baya a 2022. Ga kuma Dream League Soccer na wani kamfanin Ingila, wanda ƙaramar salula ma ke ɗauka, shi ya sa ya cika gari. EA ta rabu da hukumar FIFA, daga 2023 wasanta ya koma FC.

A daidai waɗannan shekaru salula ta mamaye mu. Celtel ta fara a 2001, ta koma Zain, ta koma Airtel a 2010. Orange ta zo a 2008, daga baya ta koma Zamani. Wayoyin shafa masu araha suka cika Kasuwar Dole. Gidan wasa ya tashi daga zaure ya koma aljihu.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. A shekarar kuɗinsu da ta ƙare a Maris 2021, EA da kanta ta bayyana cewa Ultimate Team ya kawo mata dalar Amurka miliyar 1.62, kashi 29 cikin ɗari na duk abin da ta samu, mafi yawansa daga ƙwallon ƙafa. In an juya, wajen sefa miliyar 900 ke nan, kusan sulusin kasafin kuɗin ƙasarmu na waccan shekara. Daga sayar da hoto, in ji dattijon tela.

Ga yadda abin ke tafiya, don iyayen da ke karanta mu. Kusan kowane wasa kuɗi biyu gare shi. Akwai wanda ake samu da bugawa, shi ne na talaka, yana taruwa a hankali kuma ba ya sayen mafi kyawun kaya cikin sauƙi. Akwai wanda ake saye da kuɗin gaske: wani wasan ya kira shi koyin, wani maki, wani lu'ulu'u. Me ya sa ba za su rubuta farashi da Yuro ko sefa kai tsaye ba? A ganinmu, don lissafi ya ɓace. Yaron da zai yi jinkirin miƙa jika biyu ba ya jin komai in ya danna koyin ɗari, tun da a idonsa ba kuɗi ba ne. Kuma sau da yawa ƙunshin koyin da ake sayarwa ba ya dacewa daidai da farashin abin da kake so, sai ka yi saura, sauran kuma ba ya isa komai sai ka ƙara. Sannan a sa agogo: wannan ɗan wasa kwana bakwai kawai zai yi a kasuwa. Mu da muka tashi muna sayen sukari na dala biyar wajen mai tebur mun san cewa sayen kaɗan-kaɗan shi ya fi cin kuɗi, sai dai ba a ji.

Yuro guda sefa 656 ne, ba ya motsi. Ƙaramin ƙunshin koyin kusan Yuro guda ne, manya kuma na kai wa wajen Yuro 100, wato jika 65 da ɗoriya. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne tun farkon 2024. Ke nan abin da yaron Turai zai danna da kuɗin kyautar bikin haihuwarsa ya fi albashin wata na magidanci a nan, kuma su biyun fili ɗaya ake zuba su. Tun da yaranmu ba su da katin banki, sai an bi ta hannun dillali: ka aika masa kuɗi ta gidajen aika kuɗi ko ta salula, shi ya saya maka da katinsa daga Yamai ko Kano, ya ɗora ladansa. Sau da yawa sai ka ba shi lambobin sirrin kont ɗinka. Akwai masu amana cikinsu. Akwai kuma waɗanda daga ranar ba ka ƙara jin su, ba kuɗi ba kont, kuma ba inda za ka kai ƙara.

To me wannan ya yi wa daɗin wasa? Mun zauna da ɗan ƙanwarmu, ɗan aji uku a kolej, muka ce ya koya mana. Wallahi hannunsa ya fi namu a zamaninmu. Muna kallo aka haɗa shi da wani, kafin a take ƙwallo ya dubi jerin ƴan wasan abokin karawa ya ce: "Kawu, wannan ba zan ci shi ba, mai kuɗi ne." Muka ce ka buga mana tukuna. Ya buga, aka ci shi biyu da ɗaya, ya ce: "Ka gani ko?" Wasa na gaba ya ci wani huɗu da nema, muka yi masa tafi, sai ya ce: "A'a Kawu, wannan sabon shiga ne, ba shi da kowa." Kun ga inda matsalar take. In an ci shi, kuɗi ne. In ya ci, rashin kuɗin wancan ne. Ta kowace fuska an ƙwace masa abin da mu muke fita da shi daga zaure muna taƙama: ni na fi ka. Hausawa na cewa zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri, amma ba mu taɓa zaton karin maganar zai shiga filin ƙwallo ba.

Na biyu, wasa ya koma aiki. Wanda ba shi da kuɗin saye, da lokacinsa yake biya. Kullum sai ya shiga ya karɓi kyautar rana, ya buga wasannin da ba ya so da na'ura don ya tara maki, in ya tsallake rana ya yi asara. Mun tambaye shi ko yana jin daɗin waɗannan wasannin. Ya ce ba don daɗi ake yin su ba. Yaro ɗan shekara 14 ke faɗin haka a kan wasa. Ga kuɗin mega, ga na caji, waɗanda ba mai lissafa su.

Na uku, zargi. Mu in an ci mu, manet muke zargi, a musanya, a sake, magana ta ƙare. Su kuwa yaran yanzu da yawansu sun yi imani cewa wasan da kansa ke karkata, yana sa ka faɗi don ka je ka saya. Kamfanonin sun musanta haka, har wasu da suka kai EA kotu a Amurka kan wannan zargi sun janye ƙararsu a 2021. Amma ko da ƙarya ne, wanda ke sayar maka da ƙarfi shi ne alƙalin wasa, shi ne mai fili, shi ke buga kuɗin. Yaya zuciya za ta kwanta?

Kuma abin da ya fi ba mu mamaki, wasu yaran ba ƙwallon ke burge su ba yanzu, buɗe pake ne. Wuta ta walƙa, tuta ta fito, kiɗa ya tashi, zuciya na bugawa: wa zai fito? Suna taruwa a fada su kalli wani a YouTube yana buɗe pake na awa guda, ba a buga ƙwallo ko sau ɗaya ba. Ku ajiye salular gefe ku dubi abin da idon kakanninmu: an biya, an watsa, ana jiran a ga ya kwanta ko ya kife.

Ba mu kaɗai muka ga kamar ba. A Afrilun 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce irin wannan ƙunshi caca ne, kuma daga ƙarshen Janairun 2019 EA ta daina sayar da makinta a ƙasar. A Holan an ci kamfanin tara, amma babbar kotu ta soke hukuncin a Maris 2022. Sin ta tilasta wa kamfanoni tun 2017 su bayyana yawan sa'ar da ke cikin kowane ƙunshi. Da EA ta fara bayyana nata a 2018, sai aka ga wasu manyan katuna sa'ar samun su ba ta kai ɗaya cikin ɗari ba. A 2019 wata jami'ar kamfanin ta gaya wa ƴan majalisar Ingila cewa su ba su ɗauke shi caca ba, abin ba-zata ne kawai irin na kayan wasan yara. Hukuncinsa a addini mun bar wa malamanmu, kuma muna roƙon su duba shi da idon basira, su sa a nuna musu yadda ake yi kafin su yi magana. Mu dai abin da muka lura shi ne: kiyos ɗin PMU a bakin titi yake, in ɗanka ya tsaya gabansa kafin magariba labari ya iso maka. Wannan kuwa cikin ɗaki ake yin sa, ƙarƙashin gidan sauro.

Adalci ya sa mu faɗi ɗaya gefen. Kyautar nan ba ƙarya ce gaba ɗaya ba. Yaron Tanut ko Gure da bai taɓa ganin PlayStation ba, yau yana karawa da ɗan Brazil in rezo ya yarda. Mafi yawan yaran da muka sani ba su taɓa sayen koyin ko na dala ba, kuma akwai gwanaye cikinsu da ke lallasa masu saye, su ɗauki hoton sakamako su watsa a WhatsApp, daɗin wannan kuwa ba kaɗan ba ne. Kamfani ma ba sadaka ya buɗe ba, yana biyan ma'aikata, yana biyan izinin sunaye da fuskokin ƴan wasa. In magidanci mai sana'a ya ga dama ya sayi Messi da kuɗinsa, shi ya sani, wasu ma a shayi da sigari suke ƙone fiye da haka. Damuwarmu ita ce an gina filin yadda mai haƙuri kullum yana jin ana taka shi, don wata rana ya gaji ya biya.

Yanzu mu dawo kan abin da muka ce ku riƙe. A Ultimate Team, duk shekara in sabon wasa ya fito, ƙungiyar da ka tara ba ta bin ka, daga sifili kake farawa. Bayan ƴan shekaru ma a rufe hanyar intanet ta tsohon gaba ɗaya. A wasannin da ke barin ka da ƴan wasanka kuwa, sai a riƙa fito da sababbin katuna da suka fi na bara ƙarfi, gwarzon da ka saya da jika goma ya koma zaman benci. Jiragen Zanzibar ke nan, sai dai yanzu ba a bukatar jirgi, danna maɓalli ne. Kuma a ƙa'idar da kowa ke amincewa da ita ba tare da ya karanta ba, kont ɗin ma ba mallakarka ba ne, izinin amfani aka ba ka, sayar da shi ga wani kuma haramun ne a wajensu, ko da yake ana yi kullum.

Gidajen wasa ba su mutu ba, har yanzu akwai su cikin unguwanni, da PS4 da manyan tele a bango. Lokacin hutun da ya wuce mun leƙa wata fada inda samari suka shirya gasa, kowa ya zuba dala ɗari, na ɗaya ya ɗauki kwalin shayi da sukari. Dokarsu ta farko da suka rubuta da alli a jikin ƙofa: ba mai shigowa da ƙungiyar da ya haɗa, kowa ya ɗauki kulob yadda yake. Ta biyu: ba a ɗaukar Real Madrid sai an yarda. Muka tsaya muna kallon rubutun nan kamar mun ga tsohon aboki. Ihun da aka yi a wasan ƙarshe har maƙwabta sai da suka leƙo.

Shekaranjiya dattijon tela ya sake kiran mu, ba a iska ba. Ya ce ya sa yaron ya sayar da abin ya maido kuɗin mutane. Yaron ya yi talla cikin abokansa, mafi tsada da aka taya jika biyu, wai Baturen da ya saya an riga an fito da wanda ya fi shi. Dattijon ya ce: "Malam, wuri ma da ya mutu ai mata sun yi ado da shi, ƴan kokawa na ɗaurawa. Shi wannan fa?" Ya ce bai karɓe salular ba, don ta uwar yaron ce. Ya dai zaunar da shi a shago, yana sa maɓalli da yin kalmasa bayan an tashi daga lakwal, ana cire dala ashirin-ashirin daga bashin. Da lissafinsu, sai bayan Sallah zai gama biya.